Na iska ko na ruwa: wanne zai riƙe furosesa a zafin Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, ina haɗa bidiyon biki da tallan 'yan kasuwa. Shekara biyu ina tari, yayana ya cika mini, na sayi furosesa Core i9-14900K da madabod da katin girafik. Saura abin sanyaya furosesa. Abokina ya ce in ban sa na ruwa ba za ta ƙone kafin damina. Yayana kuma ya ce bai ba ni kuɗinsa don in zuba wa kwamfuta ruwa ba. Shagon rufin kwano ne, ba esi, sola nake amfani da ita da rana. Takardar akwatin kwamfutar ta ce yana ɗaukar na iska mai tsayin milimita 160, ko lagireton na ruwa mai milimita 360 a gaba, 240 a sama. Wani ya yi mini tayin na ruwa na hannu a rabin kuɗi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya saka wa Yaya da alheri.

Ga amsar tun kafin dalili: ka sayi na iska, irin mai hasumiya biyu da fanka biyu, sabo a kwalinsa. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka sa wa furosesar linzami, kada cinta ya wuce wat 180 zuwa 200. Na ruwan nan na hannu kuwa, ka yi wa mai shi godiya ka bar masa kayansa.

Batun za ta ƙone, babu shi. Furosesar tana da ma'aunin zafi a cikinta, Intel kuma ta sa mata iyaka a digiri 100. Da ta taɓa wurin sai ta rage gudu da kanta, in abin ya gagara ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Lokaci zafi yake ci maka: bidiyon da ya kamata ya gama rendarin (fitar da shi a kammale) kafin la'asar ya kai ka magariba. Amma abokinka bai yi ƙarya duka ba, don 14900K mai ci ce. Ƙwayoyin aiki 24 gare ta, manya 8 da ƙanana 16, in duk suka tashi tare tana jan wat 253 bisa ƙa'idar kamfanin. Wasu madabod ɗin ma da iyakar a buɗe suke zuwa, ta haura 300. Duk abin da ta ja zafi yake komawa, a kan ɗan ƙarfen da bai fi kwalin ashana faɗi ba.

Da an ce ruwa sai hankalin mutum ya tafi kan randa, daga nan ruɗanin ke farawa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana zufa: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, shi ya sa ruwan randa ya fi ɗakin da take ciki sanyi. Na kwamfuta rufaffe ne ruf, kamar lagireton mota. Ɗan famfo yana tura ruwa ta cikin farantin jan ƙarfe da ke manne da furosesa, ruwan ya ɗebi zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, fankoki su hura masa iskar ɗaki, ya dawo. Ruwan ɗan dako ne kawai. Mai karɓar kayan a ƙarshe iskar shagonka ce, ko wanne ka saya, kuma babu wanda zai sauke furosesa ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa.

Saboda haka alƙaluman da kake gani a YouTube ba naka ba ne. Masu gwajin galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke yi. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da na furosesa, ita ce kusan ba ta canzawa duk inda aka kai kwamfutar. A ce an nuna maka digiri 85 a ɗaki mai 23, tazara 62 ke nan. Ɗauko 62 ɗin ka ɗora a kan shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kan kai 40 a Katsina. Ko shagon ya tsaya a 38, ka ga 100 cif. Wato ko lagireto 360 ka ɗaura, in ka sakar mata linzami a bazara sai ta kai bango. Tunda rage mata ci ya zama dole ta kowace hanya, abin da ya rage a tantance shi ne wanda zai daɗe bai tsayar maka da aiki ba.

Wannan a faɗa wa Yaya a hankali: na iskan ma da ruwa a cikinsa. Bututan jan ƙarfen nan shida ko bakwai da ke tashi daga gindinsa, kowanne an zuƙe iskar cikinsa, an sa ɗan ruwa, an liƙe. Saboda babu iska a ciki, ruwan yana zama tururi tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya hau inda siraran fallayen alminiyam suke, ya huce ya koma ruwa, jikin bututun ya tsotso shi ya dawo da shi ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ba famfo, ba roba, ba abin da ke motsi in ban da fanka, ruwan kuma ɗan ɗigo ne cikin ƙarfe, ba mai zuba ba.

Kada mu zalunci na ruwa. Mai lagireto 360 yana da fili mai faɗi da fanka uku, kuma in ci ya doshi wat 250 yana gaban na iska da 'yan digirori. Ruwa kuma yana jimawa kafin ya ɗumama, shi ya sa a gwajin minti biyu yakan ba da mamaki. A bar shi rabin awa yana rendarin, ruwan ya ɗau zafi, ratar ta ragu. A ƙasa da wat 200 bambancinsa da hasumiya biyu mai kyau ƙanƙani ne, bai kai a biya ninkin kuɗi a kansa ba.

Ranar lalacewa ce ke raba su da gaske. Fankar na iska in ta mutu, ta biyun tana nan tana juyawa, ƙarfen kuma yana ci gaba da ɗibar zafi. Ka gama aikin amaryar da ke hannunka, washegari ka nemi kowace fanka mai milimita 120 da fulogi mai haƙori huɗu, ka maƙala ta da 'yan wayoyin da suka zo a kwalin. Famfon na ruwa in ya tsaya, ruwa ya daina zagayawa, zafi ya taru wuri ɗaya, nan da nan furosesa ta kai iyaka ko da rubutu kake yi. Ba a gyara shi, don famfon da tiyon da lagireton abu ɗaya ne a liƙe, sai dai sabo. In ba a samu a gari ba ka jira a ɗoro maka daga Kano ko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, shago a rufe, masu biki suna ta kira.

Yoyon da Yaya ke tsoro yana faruwa, amma ba shi ya fi yawa ba. Abin da ya fi kashe su a hankali yake zuwa. Ruwan ciki, wanda aka gauraya da gilaikol da maganin tsatsa, yana sulalewa ta jikin robar tiyo kaɗan-kaɗan cikin shekaru ba tare da ka ga danshi ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Iska ta maye gurbinsa, famfo ya fara gurnani yana neman abin turawa. Ga kuma farantin jan ƙarfe ne, lagireton alminiyam, ƙarfe biyu da ba sa zaman lafiya cikin ruwa ɗaya. In maganin da ke raba su ya ƙare, sai dauɗa ta taso ta toshe 'yan mitsi-mitsin hanyoyin da ke cikin farantin. Nagartattun kamfanoni kan ba da garantin shekara biyar ko shida. Arctic, misali, shida take bayarwa a kan Liquid Freezer III. To na hannun da aka yi maka tayi, shekara nawa ya riga ya ci? Ba ka iya leƙa cikinsa, ba rasit, ba garanti. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka san abin da hunturu ke yi wa tebur da aka goge da safe. Fallayen lagireto sun fi na hasumiya matsewa sosai, ƙura kan yi musu tabarma a fuska, fanka na ta ihu iska ba ta wucewa. A akwatinka kuma 360 gaba kawai zai shiga, wato shi zai zama ƙofar da iskar kwamfutar ke bi ta shigo. Shi zai fara cin ƙura, iskar da ya ɗumama kuma ita katin girafik zai shaƙa. Kaurinsa ma yana cin wurin katin: na Arctic ɗin lagireton kaɗai milimita 38 ne, da fanka ya haura 60. Shi kuwa 240 da zai shiga sama bai fi hasumiya biyu da wani abin a zo a gani ba.

Milimita 160 da takardar ta faɗa shi zai yi maka zaɓi. Noctua NH-D15, wanda sunansa ya fi fita, tsayinsa 165 ne, sabonsa G2 kuma 168, murfin akwatinka ba zai rufu ba. Thermalright Peerless Assassin 120 SE 155 ne da bututu shida, Phantom Spirit 120 SE 154 da bututu bakwai. Kowanne zai shiga da sarari, kuma suna cikin masu sauƙin kuɗi. DeepCool AK620 160 ne daidai, mun fi so ka bar wa kanka 'yan milimita. Kafin ka biya, ka tabbata kwalin ya rubuta LGA1700, wato sunan mazaunin furosesarka a kan madabod, kuma ƙarafunan ɗaurinsa suna ciki. Sannan ka dubi ram ɗinka. Fankar gaba a kansu take zama, in dogaye ne masu fitilu sai an ɗaga ta sama, ɗagawar nan kuma ita ke cinye sararin da ka rage. In haka ta faru, ko ka mayar da fankar bayan hasumiya ta biyu in wurin ya ba da dama, ko ka canza ram ɗin da gajeru. Lambar wat da ake bugawa a jikin kwali kada ka ɗauke ta alkawari, kowane kamfani da yadda yake aunawa, kuma ba a Ƙofar Ƙaura aka auna ba.

Wajen ɗaurawa, kwantar da akwatin a kan tebur. In da hunturu ne, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa madabod, don busasshiyar iska tana tara wa jiki wutar nan da ke jan mutum in ya kama ƙofar mota, tana kuma iya lalata kaya. Juya gindin hasumiyar ka ɓare ledar da ke manne a jiki. Mantawa da ita tana cikin manyan dalilan da ke sa sabuwar kwamfuta buga 100 daga kunnawa. Man da ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfe, wanda ya zo a kwalin ya isa, in za ka saya daban ka nemi Arctic MX-4 ko MX-6 ko Noctua NT-H1. Furosesar nan doguwa ce, don haka ka ja siririn layi a tsakiya bisa tsawonta, ko ka ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya da ƙananan ɗigo huɗu kusa da kusurwoyi. Aikinsa cike ramukan da ido ba ya gani ne kawai, matsin ƙarfen zai baza shi. Sukurori biyu ne ke danne hasumiyar, ka ɗaure su bi da bi, juyi biyu nan, juyi biyu can, har su tsaya da kansu. In ka ƙulle ɗaya kafin ɗaya ƙarfen zai zauna a karkace, ka ga wasu ƙwayoyin sun fi wasu zafi nesa ba kusa ba. In ka ɗaga bayan ka danna, goge da sifirit ka sa sabon mai. Fankokin biyu su tura iska gefe ɗaya, daga gaban akwati zuwa baya. Fuskar fanka mai sandunan roba ita ce inda iska ke fita. Fulogin kuma a CPU_FAN.

Za ka ji ana maganar wani firam da ake canza maɗaurin furosesa da shi, saboda maɗaurin LGA1700 yakan ɗan lanƙwasa ta. Yana rage 'yan digirori, amma in an matse shi fiye da kima ram kan ƙi tashi. Bar shi tukuna.

Yanzu linzamin, wanda ya fi duk abin da za ka saya amfani. Kafin komai ka sabunta BIOS. Furosesoshin Intel zubi na 13 da na 14 sun sami matsalar da kamfanin ya amsa a 2024: suna neman ƙarfin wutar da ya wuce kima, a hankali ya gajiyar da su har kwamfuta ta riƙa faɗuwa a tsakiyar aiki. Gyaran ya zo cikin sabon BIOS, mai lamba 0x129 a watan Agusta, sannan 0x12B a Satumba na shekarar, Intel kuma ta ƙara shekara biyu a kan garantin waɗanda aka saya a kwali. Gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace, don haka ka yi shi tun ranar farko, ka adana rasit ɗinka. Ka yi sabuntawar da rana tsaka batirin inbata yana cike, don in wuta ta ɗauke ana cikin rubuta BIOS madabod na iya ƙin tashi kwata-kwata.

Bayan nan ka zaɓi Intel Default Settings, ka nemi PL1 da PL2, wato iyakokin wat ɗin da furosesar za ta ja. Wasu madabod suna rubuta su da Long Duration da Short Duration Power Limit. In ka tarar da 4095 ko 4096 a wurin, ma'anarsa ba iyaka. Sa duka biyun 200. Wat hamsin ɗin ƙarshe su suka fi tsada a zafi kuma suka fi ƙarancin riba, don kowane ɗan ƙarin gudu a can sama sai an ƙara ƙarfin wuta, zafin kuma yana hawa fiye da yadda gudun ke hawa. Kada ka karɓi wannan daga bakinmu kawai. Sauke HWiNFO mai nuna zafi da Cinebench mai gwada ƙarfin furosesa, duka kyauta ne, ka saki gwajin minti goma tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana, lokacin da shagon ya fi ɗaukar zafi, ka rubuta maki da digiri. In zafin ya tsaya ƙasa da 90, bar shi haka. In yana taɓa 95, ko layin Thermal Throttling (rage gudu saboda zafi) ya koma Yes, sauko 180, in bai isa ba 165. Da sanyi ya shigo kana iya ɗagawa zuwa 220. Ka kwatanta makin kowane mataki da na baya, za ka ga abin da ka bari bai kai yadda ake zuzutawa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa masu haɗa bidiyo ba. Premiere Pro da DaVinci Resolve Studio suna iya miƙa aikin matse bidiyo na H.264 da H.265 ga katin girafik, ko ga ɗan girafik ɗin da ke cikin furosesar, wanda Intel ke kira Quick Sync. 14900K tana da shi, mai KF a ƙarshen suna ce ba ta da shi. Wasu madabod suna kashe shi da sun ga an sa kati, don haka ka duba BIOS ka kunna, wajen fitar da bidiyo kuma ka zaɓi Hardware Encoding. Da wannan dabarar, furosesar ba za ta yini a ƙololuwar cinta ba, batirin solarka ma ya samu sauƙi.

Akwatin ya samu fanka biyu ko uku a gaba masu shigo da iska ta bayan raga, ɗaya a baya mai fitarwa. Shigowa ta rinjayi fita, don iskar da ta yi yawa a ciki ta riƙa fita ta tsaguna maimakon ƙura ta shigo ta nan. Kada ka cire murfin gefe ka kafa masa fankar ƙasa kamar yadda ake yi a wasu shaguna. Zafin zai ɗan sauka a ranar, ƙura kuma ta shiga ba mai tare ta. Ɗora shi kan tebur nesa da ƙofa, a yayyafa ruwa a share shago kafin a kunna. Da hunturu ka wanke ragar gaba duk mako biyu, ta bushe sarai kafin ka mayar. Sau ɗaya a wata ka fitar da akwatin waje, ka cire fankokin hasumiya, ka hura tsakanin fallayen da bulowa, sauran fankokin kuma ka riƙe su da yatsa kada iska ta yi ta murza su fiye da ƙarfinsu. Man furosesa yana kai shekara biyu ko uku. Ka canza shi in ka share ƙura amma zafin bai sauko inda ya saba ba.

Hasumiyar da fankokinta kusan kilo ɗaya ce, a rataye jikin madabod. In aiki zai kai ka Daura ko Mani da kwamfutar, cire katin girafik, kwantar da akwatin madabod yana ƙasa, a kan kujera ba a but ba.

In wata rana ka sa esi, ko aikinka ya koma irin na manhajar zanen 3D ta Blender da ke riƙe duk ƙwayoyin furosesa dare guda, to na ruwa ya zama abin dubawa: sabo, 360, cikin akwatin da zai ɗauke shi a sama. In dole sai a gaba, kada famfon ya zama shi ne mafi tsayi, don iskar da ke ciki sama take taruwa. Saman lagireton ya ɗara famfon, bakin tiyo yana ƙasa in tsawonsa ya kai. Fulogin famfo a AIO_PUMP da gudu tsayayye, ka kuma sa HWiNFO ta yi ƙara in juyinsa ya faɗi sifili. Alamar mutuwarsa ba ta ɓuya: furosesa tana 100, gindin tiyo kusa da famfo da zafi, lagireto kuwa sanyi ƙalau.

Kuɗin da ya rage tsakanin hasumiya da lagireto, kai wa kafinta. A sa silin ƙarƙashin kwanon nan ko da na kwali ne, a buɗe 'yar taga ko a sa fankar bango a sama, bayan inda kwamfutar ke fitar da iska. Lokacin rendarin, furosesa da kati suna iya zuba zafin wat 400 zuwa 500 cikin shagon gwargwadon katin da ka saya, kusan rabin abin da dutsen guga ke ja, in kuma bai sami hanyar fita ba sai ya zagayo ya sake shiga ta ragar gaba. Rataya ƙaramin ma'aunin zafin ɗaki kusa da ragar, ka rubuta abin da ya nuna da ƙarfe uku na rana kafin silin da bayansa. Duk digirin da ya sauka a wurin za ka same shi a HWiNFO, kuma shi zai ba ka damar mayar da linzamin daga 180 zuwa 200 tun bazara ba ta wuce ba.